Fuskar da Bai Gama Ba

Wata biyar bayan rasuwar mijinta, Umma ta koma asibitin da ta rantse ba za ta ƙara takawa ba. Ta wuce ofishin likita ko waiwaye babu, ta nufi ɗakin ƙarshen baranda mai warin fenti, inda wata malama ke zaunar da majinyata su yi zane, ko zuciyarsu ta samu sauƙi.

Da can dariya abin yake ba ta. Mutum bakanike, hannu duk kanta, ciwo ya cinye rabinsa, wai kowace Talata sai an tura shi a keke ya je ya riƙe fensir kamar ɗan aji ɗaya! Shi kuwa ko abinci bai yi wa ɗoki haka ba. Bai taɓa nuna mata takarda ko ɗaya ba, ita ma jan aji ya hana ta tambaya. Yanzu ga shi kewa ta hana ta sakat, ko tsinken da ya taɓa nema take ruwa a jallo.

Malamar ta jawo aljihun tebur ta fito da takardunsa. Ga garejinsa, sifanu a rataye. Ga tagar ɗakinsu, labulen a karkace yadda yake har yau. Ta ƙarshe kuwa mace ce zaune bakin gado tana ɗinke maɓallin riga, ɗankwali ya zame gefe. Ita ce, babu tantama. Sai dai wurin fuskar fari fat.

"Malama, don Allah ki ƙarasa mini," in ji Umma. "Ga ni zaune, kalle ni kawai ki cike."

"Ki yi haƙuri, Umma. A aikinmu ba ma sa hannu a zanen kowa, ko layi ɗaya."

Ran Umma ya ɓaci. "To karatun me kika yi? Aikin minti biyar fa! So nake in ga yadda yake ganina. Shekara talatin da biyu, bawan Allahn nan bai taɓa buɗe baki ya ce na yi kyau ba."

"In na zana, idona za ki gani, ba nasa ba." Malamar ta ɗaga takardar saitin taga. "Zo ki duba nan."

Hasken rana ya keto ta wurin fuskar. Takardar ta suɗe a nan kamar ɓawon albasa, saura ƙiris ta huje.

"Mako bakwai yana zanawa yana gogewa," in ji malamar. "Da na tambaye shi, sai ya ce in ƙyale shi, bai gama kallonki ba."

Umma ta koma kan kujera ta zauna. Sai yanzu ta gane kallon nan da yake binta da shi a kwanakin ƙarshe, cokali a hannu, abinci na hucewa. Ita kuwa, uwar sauri, tana ta kakkaɓe shimfiɗa tana ce masa, "Wai lafiya? Ka ci abincinka mana, ina da aiki."