Rariyar Pak Sudarmo

"Ba zan haɗa ba, Pak."

Ina durƙushe a ƙarƙashin kwamin wanke azurfa na faɗi haka. Ni ce mai gyaran famfon da aka kira. Pak Sudarmo bai ɗaga murya ba, dama ba ya buƙata. Shi ne mai masana'antar, shi ne mai unguwa, rabin gidajen layinmu da aikinsa ake ɗora tukunya.

Ruwan gubar da suke wanke azurfa da shi ya cinye tsohuwar rariyar kwamin. Sabuwar da ya sayo ta fi ta zurfi da yatsa uku, bakinta ya sauka ƙasa da bututun bango mai kai ruwan zuwa tankin tacewa. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Na ce a fasa bango a sauke bututun, a sa mahaɗi, kwana biyu an gama. Ya ce 'yan kasuwar Bali na jiran kaya, ba shi da kwana biyu. In sa tiyo kawai, in zura shi ta ramin daɓe ya faɗa kwata.

Taku huɗu ne tsakanin kwatar nan da rijiyar bayan masallaci, inda duk layinmu ke ɗiba.

"Wening, 'yata," ya ce yana murmushi, "takardar makarantar ce ta yi miki nauyi? Damina ta kusa, za ta wanke komai. Af, ya ƙafar mahaifiyarki?"

Ƙarar guduma ta tsaya a ɗakin maƙera. Mas Gito, shugaban ma'aikata, ya zo ya cika ƙofa. Na tattara zarto da gam a jaka, na tsaya a gabansa har ya matsa, kaɗan. Ban gudu ba sai da na sha kwana.

* * *

Shekara sha tara Ibu, mahaifiyata, tana goge wa Pak Sudarmo zobba a gida. Ranar Asabar babur mai kawo kwandon aiki ya wuce ƙofarmu bai tsaya ba. Ibu ta daɗe tana kallon hanya.

"Da kin ce masa to," ta ce. "Ki ce to, gobe ki ce gam ya ƙare, jibi ki ce zazzaɓi. Da ya gane, ba wanda ya ji kunya. Haka ake ƙi a nan. Ke kin ƙi shi ido da ido, a gaban yaransa."

Na ce mata shekara uku na yi ina koyon yadda ruwa ke gangara, ba a koya mini wannan ba. Ta ce ta gani.

Wani daga ƙetaren kogi ya zo ya sa tiyon, cikin rabin awa. Na bi gida-gida ina faɗa musu abin da ke bin kwatar. Ko'ina a ba ni shayi, a yi murmushi, a ce to. Bu Parmi maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko ni injiniya ce zan ciyar da 'ya'yanta idan aka rufe masana'antar. Da safe na tarar da guntun bututu a bakin ƙofarmu, an yanke shi gida biyu an jera. Tun ranar, duk babur ɗin da ya rage gudu a bayana sai na waiga.

* * *

Da bikin 'yar Bu Parmi ya zo, matan layi suka taru girkin gayya kamar kullum, kowa da wuƙarta. Tun asuba Ibu ta yi wanka, ta naɗe tata wuƙar a ƙyalle, ta zauna a bakin gado. Muna jin ƙamshin kwakwa da dariyarsu ta katanga. Har azahar ba a aiko ba. Ta kwance ƙyallen, ta mayar da wuƙar kicin.

Ban ba Pak Sudarmo haƙuri ba, ba kuma zan ba shi ba. Wata biyar ke nan ba wanda ya kira ni ko gyaran kan famfo. Ibu ba ta da aiki, ba ta yi mini magana sai dole. Ruwan gidanmu daga unguwar sama nake ɗauko shi, jarka biyu kullum. Idan na biyo ta bayan masallaci, ina jin guga na sauka cikin rijiya.