Takobi da Rigar Teofil

A ƙauyenmu da ke bakin kogin San, namiji bai gama zama namiji ba sai ya taɓa tsayuwa gadin siffar kabarin Almasihu da ake shiryawa a coci, daga Juma'ar gicciye zuwa safiyar Ista. 'Yan'uwan Kabari ake kiran ƙungiyar. Ƙanena Teofil Bajorek ya shige ta tun gemu bai gama fito masa ba. Ni kuwa Zenobia, yayarsa, ni ce mai ɗinka musu kaya tun ina da keken ɗinki na ƙafa: jar riga mai maɓallan tagulla jeri biyu, farar ɗamara daga kafaɗa zuwa ƙugu, da doguwar hula mai furannin takarda. Babu ƙugun namijin da ban san faɗinsa ba a ƙauyen nan.

Teofil ne mai koya musu wasan takobi. Da azumin da ake yi kafin Ista ya kama sai su riƙa taruwa da yamma a filin 'yan kwana-kwana, shi yana gaba, wuyansa ya yi ja saboda ihu.

"Leszek, takobi ne a hannunka ko ludayin miya? Zaro shi mana! Kai zuwa leɓe, sannan ƙasa. Ƙasa na ce, ba yankan kabeji ba!"

"Pan Teofil, ai kube ne ya riƙe shi."

"Tumbinka ne ya riƙe shi. Daga farko!"

Haka yake yi musu, su yi ta dariya, su kuma koya. Duk wanda ya iya riƙe takobi a garin nan ta hannunsa ya biyo, har da Irek Pasek, ɗansa na baftisma, wanda daga baya aka zaɓa kwamanda. Teofil bai taɓa neman kujerar ba. Ya ce shi taron tebur yana sa shi barci.

Bayan rasuwar matarsa Bronka, Teofil ya daɗe shi kaɗai, yana cin burodi da albasa a tsaye a bakin murhu. Sai rufin gidan Halina Sowa ya fara yoyo, ya je gyara mata. Halina mijinta ya tafi aiki Jamus tun 'yarsu tana goye, ya sami wata can ya zauna, bai dawo ba, bai kuma mutu ba. A wurin coci dai har yanzu matar aure ce. Rufi ya gyaru, sai shinge, sai rijiya, har wata rana Teofil ya ɗauki kayansa a baro ya tura zuwa gidanta da rana tsaka, kowa yana kallo. Ya haura sittin a lokacin. Na ga ƙanena ya yi kumatu, rigarsa a goge, yana dariyar da na manta yana da ita.

Tsohon fada, limamin cocinmu, ya kau da kai. Sabon da aka kawo mana bai kau ba, ya hana su karɓar Jibin Ubangiji.

Ina gidan Halina muna naɗa pierogi, ƙullun fulawar nan mai cushe a ciki, ranar da Irek ya zo, shi da Leszek. Ba su cire hula ba.

"Ku zauna mana, ga ruwa ya tafasa," in ji Halina.

"Ba zama muka zo yi ba, Pani Halina." Irek ya juya wajen Teofil amma idonsa na kan tebur. "Baba, mun yi taro. Wanda ba ya karɓar Jibin Ubangiji ba zai tsaya gaban kabari ba. Ba ni na ce ba, doka ce."

"Kun yi taro," in ji Teofil. "Wa ya ɗaga hannu?"

"Kowa."

"Har kai, Leszek?"

Leszek ya shiga kallon takalminsa. Wannan Leszek ɗin, duk ƙauye ya san dalilin da matarsa take ɗaura gyale har kan ido ranar Litinin, don rufe shatin duka. Amma shi yana zuwa furta zunubi kowane wata, don haka takobi ya halatta gare shi.

Teofil ya tashi, ya sauko da takobin daga bango, ya zare shi, ya goge shi da tsumman mai a hankali, ya mayar, ya miƙa wa Irek da hannu biyu.

"Rigar fa?"

"Riƙe ta tukuna, Baba." Irek ya kai bakin ƙofa sannan ya tsaya yana sosa ƙeya. "Amma maganar atisaye... za ka ci gaba da zuwa ko? Ba mu da wani. Kuma bana mutanen gidan talabijin na Rzeszów za su zo."

Ban san lokacin da na miƙe da muciya a hannu ba.

"Irek, ni na ɗinka rigar da aka yi maka baftisma a ciki, kuma ka yi mata fitsari a hannun mutumin nan. Ko kunya ba ka ji?"

"Zenia, zauna," in ji Teofil.

Kuma ya je. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Washegari da yamma ya sa tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki, ya cire sandar tsintsiya, ya tafi filin 'yan kwana-kwana. Su da takubba suna ƙyalli, shi da sanda yana nuna musu yadda ake gaisuwa. Na tare shi a hanyar dawowa.

"Me kake nema a wurinsu? Sun kore ka kamar kare, kana bin su."

"In na bar su za su fille wa juna kunne a gaban baƙi."

"To su fille mana!"

"Ba don su nake yi ba, Zenia." Bai faɗi don wa ba, ni ma ban tambaya ba, don haushi ya cika ni.

Ranar Ista, bayan sujada, suka yi faretinsu a harabar coci. Teofil ya tsaya can bayan shinge tsakanin tsofaffin mata, hularsa a hannu, leɓensa yana motsi yana ba da umarnin da ba mai ji. Halina ba ta zo ba ma. Ta ce ba za ta iya kallon fuskarsa ba.

Da kaka Teofil yana haƙar dankali a bayan gida ya dafe ƙirji ya zauna a kan kunya. Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

A al'adarmu, in ɗan ƙungiya ya mutu, 'yan'uwansa suna sa cikakkun kaya su tsaya gefen akwatin gawa, a ƙofar coci kuma su haɗa takubba sama a fito da shi ta ƙarƙashi. Teofil da kansa ya yi wa ubannin yawancinsu haka. Halina ta sa baƙin gyale ta tafi gidan Irek, ni ina biye da ita. A tsakar gida ya karɓe mu.

"Ba don ni ba, Pan Irek," in ji ta. "Ni in kuna so ba zan ma shiga coci ba. Shi dai ku yi masa."

"Za mu zo, Pani Halina, wallahi dukkanmu za mu zo. Amma a kayan gida. Da ƙyar fa fada ya yarda da sujadar ma. Kada mu ja abin."

Da muka dawo ta fito da jar rigar ta shimfiɗa a gado, tana so a sa masa. Na ce a'a. Ba zai shiga ƙasa da rigar mutanen da suka ƙi shi ba. Muka sa masa baƙar kwat ɗin aurensa.

Sun zo kuwa, sun jeru a baya cikin kwat, hannuwa a haɗe a gaba kamar masu jiran bas. Na kamo hannun Halina na ja ta har bencin gaba, na zaunar da ita kusa da ni, na juya na dubi duk mai son magana. Ba wanda ya yi. A wurin cin abincin makoki suka cinye bigos, dafaffen kabeji da naman da Halina ta kwana biyu tana dafawa, Leszek ya sha ya bugu, ya tashi yana kuka yana cewa ba za a sake yin kamar Pan Teofil ba.

Da azumi ya zagayo sai ga Irek a ɗakin ɗinkina, tare da surukinsa Damian, wani gajere mai sayar da tayoyi da ya shiga ƙungiya a shekarar. Jar rigar Teofil tana rataye a hannun Irek cikin leda. Ashe sun fara biyawa ta gidan Halina, ita kuwa ta miƙa musu.

"Pani Zenobia, yadin na ƙungiya ne, kin sani. Hannun kawai za a rage, da ɗan tsawon. Wa zai iya in ba ke ba?"

Na karɓi rigar. Har yanzu wuyanta yana ƙanshin tabarsa. Na mayar da ita cikin leda. Na buɗe kabad na kwaso sauran jan yadi, da gwangwanin maɓallai, da zaren zinariya, da takardun awon kowa, na zuba masa a hannu har suna zubewa ƙasa.

"Ku nemi wani tela."

"Haba Pani, saura mako nawa Ista!"

"Damian, buɗe wa surukinka ƙofa, hannunsa a cike yake."

Wani shago suka kai a gari aka rage musu. Na je coci ranar Ista, kuma ba zan ɓoye ba, fata nake su yi abin kunya, wani ya yar da takobi, ko hula ta faɗi. Ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Sun yi fareti mai kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, mutane suna tafi, Damian yana sahun gaba cikin rigar ƙanena, kafaɗun sun yi masa yawa. Fada ya fito ya gode wa kwamanda Pasek saboda wahalar da ya sha wajen horar da su. Irek ya sunkuyar da kai ya karɓi godiyar.

Halina ta sayar da gidanta kafin rani ya ƙare, ta koma wurin 'yarta a Kraków. Takan kira ni ranar Lahadi, mu yi hirar ciwon gwiwa da tsadar magani. Ni kuma yanzu bas nake hawa zuwa cocin ƙauyen da ke ƙetaren kogi. Su ma suna da masu gadin kabari, masu shuɗiyar riga, amma ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ban tambaya ba.