Batirin Motar Raphael

Motar Raphael ja ce, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita har mutum na iya jingina gwiwar hannu a rufinta. Wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin titin Samaru da damina ba. Shi ma Raphael ɗin bai more ta ba, don kafin ya gama nuna wa abokai sai karatu ya ɗauke shi zuwa ƙasar waje. Ya tura ta garejin da ke bayan gidan da yayarsa Martina ke haya, ya lulluɓe da tamfol, ya damƙa mata makulli. Abu ɗaya ya roƙa: a riƙa ɗumama ta duk Asabar.

Mordecai, mijin Martina, shi ya ɗauki aikin. Mutum ne mai sanyin hali, mai kula da sito a wani kamfanin abincin kaji da ke hanyar Shika. Duk Asabar sai ya yaye tamfol ya tayar da ita, ta yi ta gurnani har kajin maƙwabta su watse, sannan ya kashe. An daɗe ana haka lafiya lau.

Da bazara ta kama, wata Asabar ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat-ƙyat, ta yi shiru. Batir ya mutu.

"Zama ne," in ji Mordecai. "Motar da ba a hawa haka take yi."

Martina malamar firamare ce, kuma wadda ta daɗe tana jin dalilan da ke hana yara yin aikin gida ba ta haɗiye bayani da sauri. Ta lura da ya yi maganar, bonet yake kallo, ba ita ba. Amma ta bar zancen. Aka kai batir Sabon Gari wurin Ebele mai caji, aka dawo da shi, mota ta tashi. Ba a jima ba ya sake mutuwa.

Sai zarginta ya sauka kan Ebele. Ta sha jin labarin masu caji da ke karɓar batir mai kyau su ba ka gajiyayye. Ta ɗauko jan farce ta ɗiga a gindin batirin, inda ido ba ya kaiwa, ta sa aka kai. Ranar karɓowa da kanta ta hau keke napep har Sabon Gari, ta ratsa ta cikin masu kayan gyara da ƙarar janareta, ta tsaya a bakin shagon tana huci.

"Juya min shi," ta ce.

Ebele ya juya. Ga jan farcenta nan, ko gogewa bai yi ba. Ta ji kunya, kunyar kuma ta ƙara mata haushi.

"Haba Madam, ni za ki yi wa alama?" Ebele ya yi dariya. "Abeg, wannan batir lafiya yake. Akwai abu yana shan shi."

"Ko fita ake yi da motar ban sani ba?"

"In ana fita da ita, ai caji zai samu. Wannan kam wani ne yana zama ciki, ya buɗe makulli bai tada inji ba. Rediyo, fanka, cajin waya. Ki duba gida, Madam."

Duk hanyar komawa Samaru maganar nan ta tsaya mata a rai. Makulli ɗaya ne, yana rataye a ƙusa bayan kalanda a ɗakinsu. Ɗansu Marvellous yana makarantar kwana. Daga ita sai Mordecai.

Da ta isa, ta leƙa bayan kalanda ta ga ƙusa wayam. Da yamma, bayan Mordecai ya dawo aiki ya shiga wanka, ta sake leƙawa. Makulli ya dawo.

Washegari Lahadi ta ce kanta na ciwo, ba ta je coci ba. Gida na yin shiru ta shiga gareji ta buɗe motar. Kujerar direba tana nan yadda take. Ta gefe kuwa an tura ta baya, an kwantar da ita. A ƙasa akwai ɓawon gyaɗa da ledar ruwa da aka tsotse. Ta shinshina kujerar ko za ta ji turaren mace, ba ta ji komai ba sai zufa. Wannan bai kwantar mata da hankali ba, ta ce a ranta ashe ma matar mai wayo ce. Ta dubi ƙaramar ƙofar garejin da ke fita lungun baya, wadda a saninta ta daɗe a kulle, ta ga an shafa wa sakatar mai.

Nan ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta yi kuka. Ba ƙaramin so take yi wa mutumin nan ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Kullum da safe ita ke zuba masa abinci a kula, su fita tare har bakin titi, ita ta hau keke zuwa makaranta, shi ya tsaya jiran motar Shika. Ashe zagayowa yake yi ta lungu. Kuma wane namiji ne zai shige ƙarƙashin tamfol a zafin bazara shi kaɗai? Ta yanke cewa in ta tabbata, ta gama zama da shi.

Amma ta san mutanensu. In ta kai ƙara coci da baki kawai, dattawa za su ce ina shaida, su ba ta haƙuri, su haɗa ta da addu'a. Shaida kuwa ba ta da nisa. Mama Josephine, mai gidan da suke haya kuma shugabar zumuntar mata, kullum tana zaune a ƙofar gaba tana sayar da kunun zaƙi. Ba wanda ke shiga ko fita ta nan ba ta gan shi ba, kuma abin da ta gani da safe, kafin yamma ya gama zagaya unguwa. Martina ta san da wannan. A lokacin ma abin da take so ke nan.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi ta lura da shi. Ya rame, ba ya cin abinci sosai, in waya ta yi ƙara sai ya zabura ya fita waje. Ta tambaye shi, "Baban Marvellous, ya aiki?" Ya ce, "Da godiya," ya jawo wani zance. Kowane motsi nasa sai ya zame mata hujja.

Ranar da ta shirya, ta nemi izini a makaranta da rana tsaka ta dawo. Ta durƙusa gaban Mama Josephine ta raɗa mata. Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Mordecai? A gidana? Mu je, 'yata."

Ba su kaɗai suka tafi ba, don wasu mata biyu da suka zo sayen kunu sun ga yanayin fuskokinsu, suka biyo baya. Martina ta gan su, ba ta hana ba.

A bakin gareji suka tsaya. Daga ƙarƙashin tamfol ana jin muryar mai labarai ƙasa-ƙasa, da hucin fanka. Martina ta kama bakin tamfol da hannu biyu ta fizge.

Mordecai ne a kujerar gefe, shi kaɗai. Rigar aikin da ta goge masa da safe ta jiƙe sharkaf. Ya cire takalma ya jera su a kujerar direba. Kular abincin tana kan cinyarsa, cokali a hannunsa, ya tsaya cak da shi. Martina ta leƙa baya, inda ko akuya ba za ta iya ɓuya ba. Ba kowa.

Ya kashe rediyon, ya sa takalmansa a hankali, ya fito.

"Sannu, Mama," ya ce da Mama Josephine, har da rusunawa.

"Ɗana, me kake yi a nan? Ba ka je aiki ba?"

Ya dubi matan da ke bakin ƙofa, ya dubi ƙasa.

"Babu aikin, Mama. Tun farkon bazara aka rage ma'aikata, har da ni. Da safe nakan zaga nema. In rana ta yi, ba ni da wurin zuwa. Duk inda na zauna a Samaru sai na ga wanda ya san ni. Na so in samu wani kafin kowa ya ji."

"Wayyo," in ji ɗaya daga cikin matan. Ɗayar har ta juya ta nufi ƙofar gida da sauri.

Martina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tausayinsa ya kama ta, da kunya, da haushin kanta, duk a lokaci guda.

"Ai... ai rediyon motar yake dubawa," ta ce da ƙarfi, tana kallon matan. "Ni na ce ya duba." Mama Josephine ta ja matar da ta rage suka fita, ana jin muryoyinsu tun kafin su kai tsakar gida.

Suka rage su biyu. Ta matso ta kama hannun rigarsa.

"Baban Marvellous, me ya sa ba ka gaya min ba?"

Bai janye hannunsa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya rufe kular, ya miƙa mata makullin motar.

"Na yi laifi da na ɓoye miki," ya ce. "Amma Martina, da ma ke kaɗai kika zo."