Hannu Mai Rawa

Ta kai hannu za ta ɗauki na'urar ke nan manaja ya riga ta.

"Anti, yau ki huta. Ni zan nuna wa baƙin."

Huta! Ita ce fa ta ƙirƙiro yadda ake juya shafi a wannan na'urar karatun mai laushi kamar takarda: ka lanƙwasa gefenta, shafi ya wuce. Da hannunta ya fara rawa bara, na'urar ta riƙa ɗaukar kowace karkarwa a matsayin umarni, sai ita kuma ta ƙara wa na'urar wani tsari mai ɗan jinkirtawa har ta tabbatar da gangan aka lanƙwasa. Jiya manaja ya sa aka cire shi, wai yana rage sauri. In baƙin nan, masu saye, suka amince yau, haka za a ƙera ta, kuma duk mai hannu irin nata ya yi sallama da karatu. Abin ya ci mata rai.

Ta bi shi ɗakin taron ba tare da an kira ta ba. Manaja ya zage yana zuba, yatsunsa tsaf kamar na tela. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai, ban da wani dattijo, shugabansu, wanda hannayensa ke ƙarƙashin tebur.

"Miƙo nan," in ji ta.

"Anti, don Allah..."

"Ni na koya maka riƙe ta, yaro. Miƙo."

Ta riƙe ta a gaban kowa, ba ta ɓoye komai ba. Hannun ya yi rawarsa, shafuka suka yi ta tsere, kafin ka ce me an kai ƙarshen littafi.

"Kun gani? Na sauke littafi guda ban karanta ko layi ba. Abin da za a sayar muku ke nan."

Manaja ya yi dariyar yaƙe. "Ai matsalar mutum ɗaya ce, ranka ya daɗe."

Ta san wataƙila ta gama aiki a nan, amma ko a jikinta. Ta tura na'urar gaban dattijon.

"Baba, kai ma gwada. Na ga shayinka har ya huce ba ka taɓa kofin ba."

 Dattijon ya daɗe yana kallonta. Sannan a hankali ya fito da hannunsa daga ƙarƙashin tebur, yana rawa kamar nata.