Bakin Ishbel, Muryar Retta

Yayata Ishbel Cargill ta yi shekara talatin da uku tana fitowa a fim, amma in ka tsayar da mutum goma a titin Glasgow ka nuna musu hotonta, tara za su ce sun san fuskar, ba wanda zai kawo sunan. Ita ce mai buɗe wa manya ƙofa, ita ce mai shigo da shayi a faranti, wani lokaci kuma nas ɗin da ke jan labule in jarumi zai mutu. A garinmu Portlennie, inda ba wanda ke tsira ba a laƙaba masa suna ba, Ta-Landan ake ce mata, kuma ba don yabo ba.

Ni ce Retta, ƙanwarta, wadda ta zauna a gida.

Tana da shekara sha tara ta ajiye wuƙar gyaran kifi ta hau jirgin ƙasa da tsohon akwatin Baba. A Landan wata malama ta gaya mata cewa da irin bakinmu na masunta ko shara ba za a ba ta a fim ba. Sai ta duƙufa kankare shi. Ta rubuto mana cewa kullum da safe fensir take sawa tsakanin haƙoranta, ta yi ta karatu a gaban madubi. Da ta zo hutun farko, muna cin abinci ta ce a miƙo mata gishiri. Mama ta ajiye cokali, ta ƙare mata kallo, ta ce, "Wa ya aiko mana matar likita?" Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ishbel ba ta sake zuwa ba sai bayan shekara huɗu.

Daga baya ɓarin jikin Mama ya shanye. Shekara bakwai ina ɗaga ta ina kwantarwa, ina mata wanka, sannan in tafi rumfar bandar kifi in dawo ina warin hayaƙi. Ranar da aka binne ta, furanni suka zo daga Landan tare da 'yar takarda: ana ɗaukar wani shirin talabijin, an hana ta tafiya. Na kalli shirin bayan wata biyu. Ta shigo ta ce abinci ya sauka, ta juya ta fita. Abin da ya hana ta binne uwarta ke nan. Na riƙe wannan a zuciyata, ban kuwa yi niyyar saki ba.

Tana da hamsin da biyu sa'arta ta zo. Wani darakta mai suna Lovell, ɗan Ingila mai dogon gashi da ladabin da ba ya kai zuci, ya ce zai yi fim a kan matan masunta na zamanin kakanninmu, kuma a Portlennie zai ɗauka. Ya ba Ishbel babbar rawa, ta matar da teku ta cinye mijinta. Ina jin 'yan jarida yake so su rubuta cewa 'yar gari ta dawo gida. Ta sauka a wurina da akwati uku.

"Retta, har yanzu labulen Mama ne a tagar nan?"

"Bai yage ba. Mu nan ba ma yar da abu don ya tsufa."

"To, an fara ke nan," ta ce, ta cire safar hannu. "Bari in zauna tukuna, sai ki ci gaba."

Masu fim ɗin suna neman wanda zai koya wa 'yan wasa maganar gari, sai aka nuna musu ni. Aikina in tsaya bayan kyamara da takarda, in mutum ya faɗi magana kamar mai karanta labarai a rediyo, in gyara masa. Sauran ban damu da su ba, baƙi ne. Matsalar Ishbel ce. In ta buɗe baki za ta yi maganarmu, sai ka ji kamar baƙuwar da ta yi mako biyu a gari tana kwaikwayon masu masaukinta. Ta kankare har ta wuce wuri, babu abin da ya rage da za ta koma masa. Ta san haka, don ina ganin yadda take kallona duk sa'ad da aka tsayar da ɗauka.

Amma gaskiya ɗaya ce, jikinta bai manta ba. Ta ɗauki wuƙa ta farke kifi ashirin kafin mai kyamara ya gama gyara tsayuwa. Sai kuma ranar goyo. A da matan garinmu su ke goya mazansu su ratsa ruwa da su har cikin kwalekwale, don kada namiji ya fita teku da jiƙaƙƙun kaya sanyi ya kashe shi. Lovell ya ce lallai a yi wannan. Wanda ya fito a mijinta ƙato ne mai tumbi, ga shi watan Maris, ruwa kamar ƙanƙara. An kawo wata budurwa da za ta yi a madadinta, Ishbel ta ce ba ta san zancen ba. Ta tattare siket ta goye shi ta shiga ruwa har ƙugu. Sau tara aka maimaita.

Tsoho Dod Swankie, wanda ya yi shekara hamsin a teku, yana zaune a kan bango da lofensa. Ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Ta-Landan! Ashe akwai sauran bayan Cargill a jikinki! Ki dai rufe baki, sai mu ce tamu ce!"

Mutane suka kwashe da dariya. Ta fito leɓɓanta sun yi shuɗi, ta ce, "Dod, zo in goya ka kai ma, in sake ka a inda ya fi zurfi." Ko wannan zagin da bakin Landan ya fito, aka ƙara wata dariyar.

Washegari da sassafe na same ta a kicin, ƙafafunta cikin bokitin ruwan zafi, takardar wasan a cinya.

"Retta, faɗa min wannan layin yadda Mama za ta faɗe shi."

"Da kin zo kin ji daga bakinta. Shekara bakwai tana kwance, ba ta je ko'ina ba."

Ta kife takardar a cinyarta. Sannan ta ce, "Na ji, na kuma cancanta. Amma ki taimake ni. Wannan kaɗai nake da shi, ba wanda zai sake ba ni irinsa. So nake sau ɗaya a rayuwata mutane su zauna su saurare ni har in gama magana."

Na faɗa mata layin sau biyu, na ce ina da aiki.

Aka gama ɗauka, suka tattara wayoyinsu suka tafi, ita ma ta koma Landan. A watan Satumba Lovell ya bugo min waya ya ce in zo Glasgow, su za su biya kuɗin jirgi. Su masu fim, in sun gama, sukan mayar da 'yan wasa wani ɗan ɗaki mai bangon soso, a haska musu hoton, su sake faɗar maganar daidai da motsin baki, saboda iska da ƙarar teku sun lalata ta farko. Ya ce in karanta maganganun Ishbel don a aika mata ta ji ta bi. Aka sa min abin ji a kunne, ga fuskar yayata ta cika bango, ina zuba mata magana a baki.

A rana ta uku na lura ana sa ni maimaita numfashi, har da tari. Na cire abin kunnen na ce, "Malam, wanda za a koya wa magana ba a koya masa tari. Me kuke yi da muryata?"

Ya shafa gashinsa ya ce, "Retta, fuskarta abin al'ajabi ce, wallahi. Amma mun nuna wa mutane a Dundee, da ta buɗe baki sai su yi dariya. Ke kuwa da kika yi wurin kukan nan jiya, har mai na'ura sai da ya share ido."

"An gaya mata?"

"Za mu gaya mata in lokaci ya yi."

Rigar sanyina tana rataye a bayan ƙofa, taku uku ne tsakanina da ita. Na mayar da abin kunnen na ce a ci gaba. Ba zan ce an yaudare ni ba. Daɗi na ji, daɗi ƙwarai, irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na ce a raina ita ta sha tafiya da fitilu da hotuna a jarida, ni na sha kashi da fitsari, to yau ga abu ɗaya da ni ke da shi ita ba ta da shi. Duk ranar Lahadi tana bugo min waya tana tambaya ko na ji wani labari game da fim ɗin. Sai in ce mata ruwa ake ta yi, kuma kifi ya yi tsada.

Ba su gaya mata ba. Lovell matsoraci ne, ni kuma ga abin da nake.

Aka sa ranar nunin farko a zauren gari, wata Asabar da ƙarfe uku na rana. Ishbel ta zo da koriyar riga da ta ɗinka musamman, aka zaunar da mu a layin gaba, kafaɗa da kafaɗa. Zauren ya cika har da na tsaye. Aka kashe fitila. Ga teku, ga kwalekwale, ga Ishbel a bakin ƙofa tana kiran mijinta ya zo ya ci abinci. Kalma biyar kacal. A Landan ba wanda zai gane, amma waɗannan mutanen shekara talatin suna jin ina yi musu tsawa a rumfar kifi.

"Kai! Ai Retta ce!" Muryar Dod ce daga baya.

Zauren ya ɗauka. Wata ta ce, "Retta, yaushe kika yi kyau haka?" Wani ya ce a yi shiru, ana ta ƙunshe dariya. Na ji kafaɗar Ishbel ta janye daga tawa. Ba ta juyo ba, ba ta kuma tashi ba. Awa biyu ta zauna a miƙe, hannuwanta a kan jaka, tana kallon kanta tana ratsa ruwan sanyi da ƙato a baya, tana binne miji, tana kuka da muryata. Can tsakiya dariyar ta mutu, na fara jin mata suna jan majina.

Da aka kunna fitila aka yi tafi sosai. Shugaban gari ya kira ta sama, ya ba ta furanni, ya miƙa mata abin magana. Ta dube shi, ta dubi jama'a, ta rusuna yadda aka koya mata, ta mayar masa da abin maganar, ta sauko.

A gida na tsaya a ƙofar ɗaki tana ninke kaya. Na shirya mata maganganu tun a hanya, na Mama da na shekara bakwai, ina jira ta taɓa ni in juye mata.

"Kwana nawa kika yi a ɗakin ɗaukar?" ta ce.

"Sha ɗaya."

"Da wuya, ko? Bin bakin wani." Ta rufe akwati. "Kin yi ƙoƙari a wurin kabarin. Ni ma da na yi shi ranar, Mama nake wa kuka. Na so ki ji."

Ta bi jirgin ƙarfe shida. Wayar Lahadi ta tsaya daga ranar, ni ma girman kai ya hana ni bugawa. Fim ɗin ya samu karɓuwa, jaridun Landan suka yi ta yabon muryar Ishbel Cargill, wai gishirin teku na cikinta. Ba ta ƙaryata ba. Masu fim suka yi ta nemanta saboda muryar, ta ƙi zuwa ko ɗaya, don ta san abin da za su ji in ta buɗe baki. Ba ta sake tsayawa gaban kyamara ba. Bayan shekara shida ta rasu a ɗakinta na haya, maƙwabciyarta ce ta bugo ta gaya min.

Yanzu ina da tamanin da ɗaya, ba wanda ya rage da ya san mu muna yara. Duk lokacin Kirsimeti sai sun nuna fim ɗin a talabijin, ni kuma sai na zauna na kalla, saboda nan ne kaɗai take daɗewa a gabana. Da ta buɗe baki nake kashe sautin. Ina kallon leɓɓanta suna motsi, ina ƙoƙarin tuna yadda muryarta take, ko ta gida ko ta Landan ɗin ma, na kasa.