Yana Aljihunka

Ba alƙali ba ne. Mai ɗaukar hoto ne, hoton fasfo da na katin shaida, a wani ƙaramin shago tsakanin kemis da mai facin taya. Amma duk layin Alƙali suke ce masa, domin ba a taɓa ambaton wani fim a gabansa ya bar shi ya wuce bai yanke masa hukunci ba.

A wurinsa, an yi finafinai ne a shekaru goma kacal, shekarun da faifai ke tashe, lokacin da kowane fim ke zuwa cikin faifai biyu a leda ɗaya. Kafin nan ana koyo ne, bayan nan kuma an manta. A cikin shekarun nan goma akwai wanda ya tsana, fim ɗin ɗan tseren keke, wanda kowa ya yi ta yabo har ana buga hotonsa a jikin riguna.

"Mutum ya hau keke, ya faɗi, ya tashi, ya sake hawa," in ji shi. "Wannan ai ba fim ba ne, aike ne."

Wanda yake so kuwa, fim ɗin mai sayar da laima ne. Duk wanda ya zauna a kujerar hoto sai ya ji labarinsa. Alƙali zai gyara masa haɓa, ya ce kada ya motsa, sannan ya tsaya bayan kyamara ya fara. Akwai mutane da yawa a garin da hoton katinsu ke nuna fuskar wanda ya gaji da saurare.

Ga yadda fim ɗin yake, kamar yadda ya kalle shi sau arba'in da wani abu. Babu gabatarwa, babu kiɗa. Allo na buɗewa sai wata mata ta dubi mijinta ta ce, "Yana aljihunka." Ba a faɗi mene ne ba. Daga nan sai shekaru su shuɗe, su tsufa, shagon laimarsu ya ƙone, matar ta rasu, shi ma ya bi ta, a binne shi ana ruwan sama. Sai sunayen 'yan wasa su fito, a tsakiyar fim. In ka saka ɗaya faifan, sai ga mutumin ya dawo saurayi, yana tsaye a tashar mota da laimominsa, ga matar ta taho a jiƙe, ba ta gane shi ba. Ya miƙa mata laima. Su sake komai daga fari, su yi aure, su buɗe shago. A ƙarshe ya juyo yana murmushi ya ce mata, "Kin ga..." sai allo ya yi shuɗi.

Shekara goma sha huɗu Alƙali yana tunanin abin da mutumin zai ce. Maganar farko kuwa ya sa mai fenti ya rubuta masa ita a bangon shago, saman madubin da ake taje kai: YANA ALJIHUNKA. Yakan ce ma'anarta duk abin da ɗan Adam ke nema a duniya yana tare da shi. Wani direban tasi ya taɓa karantawa ya zubar da hawaye.

Matsalar ta zo ne daga surukinsa, mijin autarsa, malamin lissafi, mutum mai kunya da ba ya zama a kujera in Alƙali na falo. Ya sayo musu sabuwar talabijin mai haɗuwa da intanet, kuma don ya faranta wa tsohon rai, wata ranar hutu da hantsi ya nemo masa fim ɗin mai laima, fes, ba tsayawa, ba canjin faifai.

Alƙali ya zauna a tsakiyar doguwar kujera. Matarsa na gefe tana ɗinke maɓallin riga. Auta ta kawo shayi. Aka kunna.

Kiɗa ya tashi. Ga saurayi a tashar mota da laimomi.

"Malam ƙarami, ka wuce rabi. Dawo da shi."

"Baba, farkon ke nan."

"Ni za ka gaya wa farkonsa?"

Surukin ya nuna masa layin da ke ƙasan allo, minti ɗaya da sakan goma. Alƙali ya ce waɗanda suka ɗora shi a intanet ɗin ba su san abin da suke yi ba, amma a bar shi, zai gani da idonsa iyakar ɓarnar. Ya harɗe hannu. Aka yi aure, aka buɗe shago. Mutumin ya juyo yana murmushi. Alƙali bai san lokacin da ya matso bakin kujera ba.

"Kin ga makullin shago?" in ji mutumin.

"Yana aljihunka," in ji matar.

Auta ta tuna tana da aiki a kicin. Fim ya ci gaba abinsa, suka tsufa, shago ya ƙone, aka yi mutuwa biyu, aka binne, sunaye suka fito, ba wanda ya dawo saurayi.

Alƙali ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗauko ledar faifansa daga ƙarƙashin takardun gida inda yake ɓoye ta. A kan kowane faifai akwai lamba da mai sayarwa ya rubuta da baƙin alƙalami, ɗaya da biyu. Surukin ya karɓa da hannu biyu, ya karkata su wajen haske. A jikin zoben tsakiya akwai wasu ƙananan lambobi na kamfani, kuma sun saɓa wa na mai sayarwa. Ya daɗe yana neman yadda zai faɗa. Daga ƙarshe sai kawai ya musanya musu wuri a kan tebur ya koma ya zauna a ƙasa.

"Ai na sani," in ji matar Alƙali, ba ta ɗago daga ɗinkinta ba.

"Kin san me?"

"Na kalle shi a gidan yayata tun kafin ka sayo naka."

"Shekara goma sha huɗu, Maman Auta."

"Baban Auta, in ka kalle shi yadda kake kallonsa, kana tashi da fara'a, har ka tambaye ni ko akwai abin da nake so. Ran da na kalli na gidan yayata kwana biyu na yi ban ci abinci ba. Me zan gyara?"

Washegari Alƙali ya buɗe shago a makare. Ya tsaya ya daɗe yana duban bango. Ya laluba aljihunsa, makullin shago ne a ciki, abin ya ƙara ba shi haushi. Ya rufe ya shiga kemis.

Mai kemis ɗin, wanda kowa ke kira Likita ko da yake bai taɓa duba kowa ba, shi ne abokin gardamarsa. Shekara da shekaru suna jayayya a kan fim ɗin. Likita na ganin dawowar mutumin mafarki ne matar ta yi, Alƙali na cewa yaya wadda ta riga shi mutuwa za ta yi mafarki.

"Likita, tsakaninka da Allah, a ina ka kalli fim ɗin nan?"

Likita ya shiga jera kwalaben maganin tari da suke a jere.

"Kallo kamar yaya?"

"Da ido."

"To, da ido dai ban kalla ba. Amma ka ba ni labarinsa ya fi sau ɗari. Ni ma na ba mutane. Mai facin taya a wurina ya ji, shi ya ba matarsa, ita ta ba masu kitso. Jiya ma wata ta zo sayen maganin ciwon kai tana ce min ita inda ya dawo saurayi ne ke kashe mata jiki."

Alƙali ya zauna a bencin masu jira. Ya gaya masa komai, har da makullin. Likita ya saurara, ya ce sam bai yarda ba, sai an gani a gaban jama'a.

Haka aka yi. Ranar hutu ta gaba da la'asar aka ɗauko sabuwar talabijin aka kafa ta a gefen farin ƙyallen da ake sa wa masu hoto a baya. Mutum ashirin da uku suka cika shagon, wasu a tsaye. Surukin ne ya kunna, ya koma bayan ƙofa.

Tun minti biyar aka fara gunaguni. Mai facin taya ya ce wannan ai an fara daga bayan mutuwa. Da aka zo wurin makulli, wata mai kitso ta ce muryar ma ba ta mutumin ba ce, ɗora ta aka yi, ita da ba ta taɓa jin muryarsa ba. Da aka binne shi sunaye suka fito, ba wanda ya tashi. Suka zauna suna jira ya dawo. Allo ya koma tallar wani fim, suna nan zaune.

"An yanke shi," in ji Likita.

"Jabu ne," in ji mai facin taya. "Yanzu komai sai an yi jabunsa."

Duk suka juya ga surukin. Wani dattijo mai sayar da agogo ya yi masa nasiha mai tsawo a kan yaran zamani da ke gaskata duk abin da suka gani a waya su bar maganar manya. Malamin lissafi ya sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri, kuskurensa ne, ba zai ƙara ba. Aka yafe masa. Mutane suka fita suna yi wa Alƙali barka, direban tasin nan ya taɓa rubutun bango ya shafa a ƙirji.

Alƙali bai taɓa cin gardama irin haka ba, kuma bai taɓa cin wadda bai ji daɗinta ba sai ranar.

Surukin na naɗe waya zai mayar da talabijin gida, Alƙali ya ce masa ya bari.

"Ka san kai ne da gaskiya."

"Baba, ba komai."

"Akwai komai. Zauna. A kujera."

Ya zauna a gefen kujerar hoto, rabin jikinsa a waje.

"Wancan na ɗan keken, yana cikin abin nan naka?"

"Yana nan, Baba. Amma ai ba ka son sa."

"Minti ashirin na gani. Haƙori na ciwo na je gidan kallo, na fito aka cire min shi, ban koma ba." Ya leƙa titi, ya ja labule. "Saka. Kuma ka duba da kyau daga ina ya fara."

Suna tsakiyar kallo wani mutum ya shigo da kwat da jaka, ya ce hoton fasfo yake so, gobe da safe zai kai. Alƙali ya tayar da surukin, ya zaunar da mutumin, ya gyara masa haɓa, ya ce ya kalli gaba kada ya motsa. Ya tsaya bayan kyamara. Daidai lokacin sarƙar keken ta tsinke a kan gangara, saura zagaye ɗaya, sai kansa ya juya wajen allo.

"Wa ya ɗaura masa sarƙar nan?"

"Ƙanensa ne, Baba."

"Na faɗa tun ɗazu yaron nan ba shi da gaskiya."

Ɗan tseren ya saɓa keken a kafaɗa ya fara gudu da ƙafa. Alƙali ya bi shi da ido, yatsansa na kan maɓallin kyamara, yana cewa a hankali wannan shirme ne, ba inda doka ta yarda da haka, yi sauri mana. Mai kwat ya riƙe fuskarsa yadda aka saita ta har idanunsa suka kawo ruwa. Talabijin ɗin na gefensa, ba ya ganin komai sai kyamara.

"Malam," ya ce ta gefen baki, "in ba za a ɗauka yanzu ba, a juyo min da kujerar."

Surukin ya dubi Alƙali. Alƙali ya ɗaga masa hannu alamar ya juya ta. Suka kalli sauran su uku. Sai bayan an gama aka ɗauki hoton, aka kuma sake ɗauka har sau huɗu, domin mai kwat ya kasa daina gardama a kan ko ya kamata a ba mutum kofin tseren keke alhali keken ne ya hau shi.