Da'irar da Likita Ba Ta Zana Ba

A Lajawa akwai wani gida da matansa ba sa kaiwa shekara arba'in. Ciwon nono ke ɗaukarsu, uwa da 'ya da jika. Mutanen gari suka ce wani abu ne ke bin gidan. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har ƙofa an sauya wa fuska, abin bai fasa ba.

Murja, malama a jami'a a Wudil, tausayin gidan kawai take ji, irin na mai kallon gobara daga tsallaken kogi. Talatu, matar kawunta, 'yar gidan ce, kuma ciwon ne ajalinta. Da ya taɓa Saudatu, 'yar marigayiyar, Murja ce ta raka ta asibiti a Kano.

Likita Grace ta zana dangin a takarda. Kowace mace da'ira ce, wadda ciwon ya kama a cike ta da baƙi. Bakwai suka yi baƙi ƙirin. Ta ce sankara ce da ake gado, kuma akwai gwajin jini da ke nuna mai ɗauke da ita tun kafin ƙari ya fito, a tare shi da wuri.

"Ke fa, Malama?"

"Ai ni ta wajen babanta muka haɗa jini," in ji Murja, hankalinta kwance.

Da azahar ta iso gida, ta tarar da mahaifiyarta Kande tana wanke wake a inuwa. Ta shimfiɗa mata takardar tana ba ta labari. Kande ba ta yi boko ba, amma ta daɗe tana kallo.

"Wacce ce Talatu?"

Murja ta nuna.

"Na ƙasan nan 'ya'yanta ne?"

"E, Inna. Su biyu."

Kande ta zaro jiƙaƙƙen yatsa daga ƙwarya, ta ɗiga da'ira ta uku a gefensu.

"Uku ne. Kwananki tara a duniya ta kawo mini ke. Aka gaya wa gari jaririyar ta koma, don abin ya rasa inda kike. Na rantse mata ba zan faɗa ba. Shekara talatin da takwas ina ganin mun ɓace masa."

Tsoro ya kama Murja har cikin ƙashi. Hannunta ya shige ƙarƙashin mayafi, ya tsaya a hammatarta ta hagu, kan ɗan ƙullin da wata biyu ke nan take kira kaluluwa.